Na Sa Wa Taubashina Maganar Da Bai Faɗa Ba

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, Allah ya saka muku da alheri. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambata, sunayen da za ku gani a ciki ma duk na canza su. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Ba na ce ban cancanci zagin ba, ni kaina babu sunan da ban kira kaina da shi ba, amma shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min.

Ni malamar firamare ce, ina aure a Sabon Birni, amma asalinmu wani ƙauye ne kusa da Unguwar Lalle. Tun ina ƙarama an san ni da baki. Ni ce mai kwaikwayon tafiyar kowa da maganar kowa, in ana biki ni ake kira in zo in ba mutane dariya, har mahaifina yakan ce da baki ake noma da ni kaɗai na ciyar da gari. Ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, zan kira shi Arzika. Wanda bai san taubasantaka irin tamu ba ba zai gane ba: ɗan mace da ɗiyar namiji, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne, ka faɗa wa taubashinka abin da in wani ya faɗa masa sai an kai ga hakimi, shi kuma ba shi da damar fushi, sai dai ya jira ranarsa ya rama. Haka muka tashi ni da Arzika. Yana kirana baiwata, ina kiransa bawana. Shi ɗan kabu-kabu ne, yana ɗaukar mutane da kaya a mashin daga ƙauyenmu zuwa Sabon Birni, wani lokaci Isa, wani lokaci ya bi ta Burkusuma ya tsallaka Nijar. Mutum ne mai haƙuri, mai son mahaifiyarsa, kuma matsoraci na ƙarshe. An taɓa yin ranar da tayar wata mota ta fashe a bayansa, ya yar da mashin da fasinja ya faɗa cikin gero da gudu, sai da aka bi shi ana kiran sunansa. Dangi ba su taɓa barinsa ya manta ba, ni ce kuma shugabar masu tuna masa.

Abin ya faro ne a bikin ƙanin mijina. Arzika ya kawo wasu baƙi a mashin, ya leƙo cikin gida ya gaida surukata, ya tarar da ni tsakiyar facalolina muna tuƙa tuwo. Sai ya tsaya ya ce, "Ku dangin miji, ku yi haƙuri da ita, mu munka san abin da munka ba ku. Tuwonta in ka jehi kare da shi sai ya kai ƙara." Aka yi dariya, ni ma na yi. Da ya tsaya nan da ba komai. Sai ya ƙara da labarin yadda nake jiƙa wa Gwaggo, wato mahaifiyarsa, tabarma da fitsarin kwance har na yi wayo sosai, da yadda take shanya ta a bayan ɗaki don kada a gani. A gaban surukata ya faɗa, a gaban facaloli, a gaban baƙin da ban sani ba. Na yi dariya har da tafa hannu don kada a ce malama ba ta san wasa ba. Daga ranar facalolina suka sa min suna Mai Tabarma, har yaran gidan suka ɗauka. Zan faɗi gaskiya tunda gaskiya na zo faɗa: abin da na yi daga baya na kira shi wasa, amma akwai haushi a ciki. So nake in ga shi ma an yi masa dariyar da za ta bi shi har gida.

Ana cikin haka aka tura mu wani taron horar da malamai a Sakkwato. A can wata abokiyar aiki ta nuna min wata manhaja a wayarta, irin ta ƙirƙirarriyar basirar nan da ake ta magana. Kana ba ta muryar mutum ta saurara, sai ka yi magana da bakinka, ita kuma ta mayar da maganar da muryar wancan mutumin. Ta gwada da muryar mijinta, ta sa shi yana cewa shi zai riƙa wanke-wanke daga yau, muka yi ta dariya har ana hararar mu. Ni kuwa tun a wurin Arzika ya faɗo min a rai. Shi ba ya rubutu a waya, komai da saƙon murya yake yi, kuma ba ya iya taƙaitawa, zai tambaye ki lafiyar gida sai ya ba ki labarin farashin fetur da ramukan hanya. Wayata cike take da muryarsa. Kuma wa ya fi ni sanin yadda yake magana? Na san inda yake jan numfashi, na san ba ya gama zance bai ce "wallahi tallahi, ka jiya ko" ba.

Da na dawo gida, wata ranar Asabar da hantsi maigidana ya tafi kasuwa, na rufe ɗaki na zauna na tsara abina. Na ce tunda tsoro aka san shi da shi, bari in sa shi yana roƙon ɗan bindiga. Ga abin da na faɗa da bakina, manhajar ta ɗora masa:

"Ranka shi daɗe, ni na Arzika, yaronka. Wallahi tallahi, ka jiya ko, ni ba ni da komi sai mashin. In shanu kaka so, Alhaji Nomau ad da su, bayan makaranta suka kwana, kuma ɗanai ɗai ka tsaronsu. Don Allah kak ka taɓa ni. In ka so har agwagin innata sai in kawo ma, da ni da su duk tsoro guda gare mu, ka ga wandona ma ya jiƙe."

Da na saurara sai da na tsorata, don Arzika ne sak, har da ɗan shaƙewar da yake yi in ya firgita. Maimakon tsoron ya hana ni, sai na ji daɗi, na yi ta yaba wa kaina. Me ya kai ni ambaton Alhaji Nomau? Dattijo ne a ƙauyenmu mai shanu, kowa ya san shi, kowa ya san inda garkensa yake kwana. Na sa sunansa ne kawai don maganar ta yi kama da gaske. Ni da na tashi a wannan yanki, ni da na san an binne mutane a kan kalmar infoma, ni da na taɓa kwana a daji da ɗalibaina saboda gudun hari, yaya aka yi hankalina bai ba ni ba? Har yau ina tambayar kaina. Abin da ke kaina a lokacin kawai shi ne, ai taubashina ne, tsakaninmu babu laifi.

Kuskuren da ya fi kowanne shi ne yadda na aika. Akwai sunan jaririn wata 'yar'uwarmu da za a yi a ƙauye, dangi duka za su taru. Na shirya cewa saƙon ya riga ni isa, a yi ta tsokanarsa yana rantse-rantse, ranar suna kuma in tashi a gaban kowa in ce bawana, ni ce na kama ka. Don kada a gane ni da wuri sai na ɗauko wani tsohon layin Nijar da na saya tun lokacin da aka yanke mana sabis ɗin waya, irin wanda kusan kowane gida a nan yana da shi a ajiye, babu wanda ya san lambar. Da shi na tura wa Saratu, ƙanwar Arzika, ita ma taubashiyata ce. Na ɗauka tana jin zancen agwagi za ta fashe da dariya ta gane aikin ɗayanmu ne. Na manta cewa wasan taubasai yana zama wasa ne don an ga bakin da ya fito. Ni kuma na ɓoye bakin.

Da yamma Saratu ta kira ni a layina na kullum. Ta ce, "Malama, wani saƙo anka turo man da baƙuwar lamba. Muryar Yaya Arzika ta. Ban san mi za ni yi ba." Ina riƙe da waya ina toshe bakina don kada dariya ta kuɓuce. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, kada ta tura wa kowa, ta bari sai ranar suna mu tambaye shi. Ta ce ai ta riga ta tura wa mijinta don ya ba ta shawara. A nan ya kamata in ce Saratu ni ce, wasa ne, kira mijinki yanzu. Kalma nawa ce? Amma na ga in na faɗa wasan ya lalace, ban rama ba. Na ce a raina gobe na faɗa mata. Goben ta zo na ce bari dai ranar suna.

Ba a kai ranar sunan ba ɓarayin daji suka shiga ƙauyenmu. Aka kore shanun Alhaji Nomau gaba ɗaya daga bayan makaranta, aka harbi ɗansa a cinya, yanzu haka yana kwance a asibiti a Sakkwato, ana ta ƙoƙarin kada a yanke ƙafar. Kafin a gama jajantawa saƙona ya gama gari. Mijin Saratu ya tura wa abokinsa, abokin ya tura wa wani, daga nan babu wanda ya san hanyar da ya bi. Kuma wanda ke yawo ba cikakke ba ne, wani ya yanke ƙarshen, babu agwagi, babu wando, ya tsaya daidai kan "kak ka taɓa ni." Allah ya sa ranar Arzika ya kai fasinja Nijar. Wani abokin sana'arsa ya kira shi ya ce kada ya kuskura ya dawo, 'yan sa-kai sun je gidansa sun fasa ƙofa suna nemansa. Tun ranar yana can, yana kwana a shagon wani mai faci.

Ni a wayar maigidana na fara jin yankakken. Shi ɗan kasuwar hatsi ne, yana cikin dattawan da ke zama da 'yan sa-kai in abu ya faru, don haka komai a kunnensa yake. Ya dawo cin abincin rana, ya ajiye waya a kan tabarma ya ce, "Saurara ki jiya. Wanga na taubashin naki da kika yabo kullum." Na ji maganata tana fitowa da muryar Arzika a tsakar gidana. Na daure na ce, "Malam, halan haɗa ta anka yi? Yanzu akwai abin da ka kwaikwayon muryar mutum cikin waya." Ya dube ni ya ce, "Wa ad da lokacin haɗa ma ɗan kabu-kabu murya? Shi gwamna na? Kuma wace na'ura ta san yadda yaka cewa ka jiya ko? Ke dai jini na ka jan ki." Ya ci gaba da cin tuwo, sannan ya ce, "In ko haɗawa anka yi, to wanda yah haɗa ya hi ɓarayin zalunci, don su ba su san shi ba." Na tashi na shiga bayi na yi amai. Da na fito ya tambaye ni ko ciki ne, har yana murmushi.

A ranar na karya layin Nijar na jefa a masai, na goge manhajar. Abu ɗaya na kasa gogewa, wato asalin maganar da na ɗauka da muryata kafin a juya ta, da cikakken saƙon mai agwagi. Duk wanda ya saurari biyun a jere ya san Arzika bai faɗi komai ba, numfashina ne, tsayawata ce, har da ƙarar tukunyar da ta faɗi a tsakar gidana ana ji a duka biyun. Sau da yawa na ɗora yatsa zan goge sai in kasa. Shi ne kaɗai abin da zai wanke shi, shi ne kuma zai tona ni.

Abin da ya hana ni sukuni gaba ɗaya zuwan Gwaggo ne. Matar nan ita ta yi min wankan jego, a ɗakinta na yi rabin ƙuruciyata, tabarmar da Arzika ya tona ma ita ta riƙa rufa min asiri a kanta. Ta hau motar kasuwa ta zo har Sabon Birni, ta rame, zanenta na neman faɗuwa. Ta ƙi shan ruwa. Ta ciro wata 'yar waya daga ƙullin zane ta miƙo min ta ce, "Ɗiyata, ke kinka yi boko, ke as san waya. Saurara man wagga magana ki hwaɗa man tsakaninki da Allah. Ni na haihe shi. Kunnena na ce man shi na, zuciyata na ce man ba shi na ba." Na karɓa na kunna, na zauna ina sauraron abin da na san kowace kalmarsa, ina yi kamar ina nazari. Na ce, "Gwaggo, ba shi na ba." Ta matso ta kama hannuna ta ce, "Ƙaƙa kinka sani?" Ga ƙofa Allah ya buɗe min, daga ni sai ita a ɗaki. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Jikina dai ya ba ni." Ta fashe da kuka, ta yi ta sa min albarka, wai duk dangi ni kaɗai na tsaya wa ɗanta. Ta ba ni labarin yadda aka daina shiga gidansu, yadda matar Arzika da tsohon ciki take zuwa rijiya mata su ɗauke gugansu su bar mata wurin, yadda aka kori 'ya'yansa daga wasa ana kiransu ɗiyan infoma. Da za ta tafi ta ɗaga hannu sama ta ce, "Wanda yay yi ma ɗana wannan, ban yahe mai ba, duniya da lahira." Ta dube ni tana jira. Na ce amin. Da bakina na ce amin, na raka ta har tasha.

Tun daga ranar ban iya tsayawa gaban ɗalibai in ce musu ƙarya haramun ce ba. In na yi salla na rasa da wace fuska zan roƙi Allah. Akwai kuma tunanin da ya fi cina, wanda ban taɓa furtawa ba sai yanzu: shin saƙon nawa ne ya kai ga ɓarayin? Na san kowa ya san inda shanun Alhaji suke kwana, na san sun daɗe suna shiga ƙauyuka ba tare da taimakona ba. Amma saƙo ya fita, cikin 'yan kwanaki aka zo daidai wurin da na ambata, aka harbi daidai yaron da na ambata. Wa zai rantse min cewa babu alaƙa? In babu, na raba mutum da garinsa. In akwai, jinin yaron nan ma yana wuyana.

Ana nan sai na ji wani shiri a rediyo ina shara da safe, an gayyato wani lauya suna magana a kan irin wannan abu, muryoyi da hotuna da bidiyon bogi da ake haɗa wa mutane. Ya ce ƙasashe da dama suna ta kafa dokoki musamman don hukunta masu yi, kuma ko a nan gida, dokokin laifukan intanet da na ɓata suna suna iya kama mutum, har a kai ga ɗauri. Ni a da in na ji irin wannan zance ɗauka nake na manya ne, 'yan siyasa da 'yan fim da ake sa wa fuska a jikin da ba nasu ba. Ban taɓa kawo ɗan kabu-kabu da malamar firamare a ciki ba. Suka ba da lambar aika saƙo, na ari wayar maƙwabciyata da sunan tawa ba kati, na rubuta: idan mutum ya yi wa taubashinsa don wasa fa? Mai gabatarwa ya karanta yana dariya. Lauyan bai yi dariya ba. Ya ce, "Doka ba ta san taubashi ba. Abin da za ta tambaya shi ne, mai muryar ya yarda a yi? Kuma an cutar da shi ko ba a cutar ba?" Ya ƙara da cewa wanda ya fito da kansa ya gyara ɓarnar da wuri ba ɗaya yake da wanda aka tono ba, amma shi ba zai yi wa kowa alkawarin zai tsira ba.

Abin kunya, ni ina goyon bayan dokar nan ɗari bisa ɗari. Da wani ne ya yi wa Arzika haka, ni ce ta farko da zan ce a ɗaure shi a jefar da makulli. Da an daɗe ana faɗa mana a rediyo da masallaci cewa ɗaukar muryar mutum ka yi magana da ita laifi ne kamar satar sa hannunsa, wataƙila da na ji tsoro ranar Asabar ɗin nan. Amma ba zan ɗora wa rashin sani ba. Ban san doka ba, na dai san garinmu, kuma wannan ya isa ya hana ni.

Na juya abin ta kowace fuska. In na fito na faɗa, aikina ya tafi, don wa zai bar wa irina 'ya'yansa? Aurena ban san ko zai kai labari ba, mijina mutum ne mai gudun abin kunya, kuma shi ya zauna cikin dattawa ya ce muryar Arzika ce babu shakka. Mahaifina tsoho ne mai hawan jini, shi da Gwaggo ciki ɗaya suka fito, yaya za su dubi juna? Alhaji Nomau zai iya kai ni kotu, kuma yana da gaskiya. Ɗauri ma ba shi na fi tsoro ba, na fi tsoron samarin da ke da bindiga da zafin rai su ce da ni da Arzika duk bakinmu ɗaya, na ƙirƙiro wannan ne don in cece shi. Na yi tunanin in sayi wani layi in watsa cikakken saƙon ba suna, sai na tuna saƙo marar suna ne ya jawo duk wannan, kuma ba tare da muryata a gefe ba za a ce dangi ne suka ƙara zancen agwagi. Na yi tunanin in faɗa wa Arzika shi kaɗai, to in ya sani ya yi yaya da shi? Ya tona ni ya tsira, ko ya rufa min asiri ya ci gaba da kwana a shagon faci? Na san halinsa, zai iya zaɓar na biyun, kuma wannan ya fi komai ba ni kunya. Ina ta cewa bari ƙura ta lafa, wataƙila a kama ɓarayin su faɗi wanda ya ba su labari, wataƙila mutane su manta.

Shekaranjiya da la'asar ya kira ni. Ya ce, "Baiwata, kina lahiya?" Rabon da in ji ya kira ni haka har na manta, muryarsa ta dushe. Ya ce, "Juma'a za ni dawo. Inna ba ta cin abinci, mai ɗakina ta kusa haihuwa, gerona ya bushe a gona tsuntsaye na ci. Za ni tahi gaban hakimi bayan masallaci in dahwa Alƙur'ani, wanda bai yarda ba shi da Allah." Na ce, "Arzika, kak ka zo." Ya ce, "Don mi? Ke ma kin yarda ni na?" Na ce a'a, wallahi ban yarda ba. Ya ce, "To mi za ni tsoro? Ni da kunka sani da gudu, yau na gaji da gudu." Ya ɗan yi dariya, sannan ya ce wani lokaci in ya saurari saƙon har yakan tambayi kansa ko ya taɓa faɗa cikin barci ne wani ya ɗauka, don shi kansa ba ya iya musun muryar. Daga ƙarshe ya ce, "Alfarma guda nika so. Ki roƙa man maigidanki shi tarbe ni bakin gari shi raka ni, ana jin kunyatai. Duk dangi ke ɗai ba ki daina ɗaukar wayata ba."

Na faɗa wa maigidana bayan ya dawo daga kasuwa. Ya girgiza kai ya ce babu ruwansa, kuma in ina son taubashina da rai in hana shi, don labarin dawowarsa ya riga ya iso, samari sun raba kansu a hanyar Burkusuma, ba zai kai ƙofar hakimi ba balle ya dafa wani abu. Na sake kiran Arzika na faɗa masa, na yi kuka, na haɗa shi da Allah. Ya ce ya riga ya yi wa mahaifiyarsa alkawari.

Yau Laraba. Wayar tana hannuna, muryata tana ciki. In na kai ta gaban hakimi kafin Juma'a, na san na gama da mutuncina, wataƙila da aurena da 'yancina, kuma ban da tabbacin za a yarda da ni. In na yi shiru, mutumin da bai yi wa kowa komai ba zai hau mashin ya taho, yana ganin ni ce mai ƙaunarsa a dangi. Masu ilimin addini, masu sanin doka, iyaye mata da ke karanta wannan, ta ina zan fara? Mijina zan fara faɗa wa, ko Gwaggo, ko in wuce kai tsaye wurin hukuma? Akwai hanyar da zan tsayar da shi a can ba tare da na sake yi masa wata ƙaryar ba? Don Allah kada ku ce in bar wa Allah kawai, na bar masa tun farko ina ɓoye a bayan hakan. Jibi Arzika zai kamo hanya. Me zan yi?